Talabijin A Cikin Kwamfuta: Wa Ya Sa Wa Iska Kwaɗo?

Kwanakin baya wani ɗan yayana da ke karatu a ɗaya daga cikin manyan makarantun Kano ya shigo wurina riƙe da wata 'yar na'ura a tafin hannunsa, wadda idan ba a lura ba sai a ɗauka filashin adana takardu ce. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Gefe guda tana da baki irin wanda ake cusawa a kafar USB ta kwamfuta, ɗaya gefen kuma akwai 'yar kafar da ake ɗaura wayar eriya. Cikin murna ya ce da ni, "Baffa, an ce da wannan zan riƙa kallon labarai da ƙwallo a kwamfutata, ba data, ba dish, ba kuɗin wata." Muka zauna muka jona ta, muka sa manhajarta, muka ba ta umarnin neman tashoshi. Ta yi ta lalube har kusan minti goma, ba ta kamo ko ɗaya ba. Sai da na ɗauki kwalinta na duba sannan na ga an rubuta DVB-T, babu lamba 2 a ƙarshe. Washegari ya mayar da ita kasuwa, ya yi ciko, aka ba shi mai DVB-T2. A wannan karon muka haɗa ta da tsohuwar eriyar da ke kan rufin gidana, nan take sunayen tashoshi suka jeru reras a fuskar kwamfutar. Amma da ya fara dannawa, mafi yawansu baƙin allo suka nuna masa, tare da 'yar sanarwa cewa tashar a kulle take. Yaron ya dube ni ya ce, "Baffa, to ita iskar ma sayar da ita ake yi?"

Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin kuwa a ganina ta taɓo ainihin matsalar da ta dabaibaye shirin mayar da talabijin ɗin Nijeriya kan tsarin dijital, shirin da muka shafe shekaru muna jin labarinsa a bakin ministoci da shugabannin Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC. Kafin mu kai ga nan, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da wannan 'yar na'ura take yi, saboda fahimtarta ce za ta sauƙaƙa fahimtar sauran bayanin.

A tsohon tsarin da muka taso muka tarar, wanda ake kira analog, kowace tashar talabijin tana da zangonta ita kaɗai a sararin iska, kamar yadda kowane manomi yake da gonarsa. A ɓangaren da ake kira UHF, faɗin kowane zango megahaz 8 ne, kuma tasha ɗaya tak yake ɗauka. Tsarin dijital kuwa yana mayar da hoto da murya su zama lambobi, ya matse su, sannan ya ɗaure tashoshi da dama a dami guda ya aika da su ta wannan zango ɗaya. Da tsarin DVB-T2, wanda Nijeriya da maƙwabtanta na Afirka ta Yamma suka zaɓa, zangon da a da yake ɗaukar tasha guda yana iya ɗaukar kimanin tashoshi 20 masu matsakaicin kyawun hoto. Aikin 'yar na'urar nan shi ne ta kamo damin daga eriya ta miƙa wa kwamfuta lambobin, ita kuma kwamfutar ta warware su ta mayar da su hoto da murya ta hanyar manhaja, ko dai wadda ta zo da na'urar ko kuma irin su VLC da mutane da yawa suke da ita tun da ma. Ma'ana, duk aikin da dikoda take yi a falo, kwamfuta tana iya yinsa, har da ƙarin cewa za a iya naɗar shiri a ajiye, ko a dakatar da shi a je a dawo a ci gaba.

Wani zai ce, ina ruwan talaka da kallon talabijin a kwamfuta? Amsar tana cikin halin da muke ciki game da wutar lantarki da kuɗin data. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batirinta, idan aka ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take, kuma ɗan ƙaramin faifan sola yana iya cajinta. Ita kanta na'urar daga jikin kwamfutar take shan wuta, kuma abin da tsohuwar kafar USB take bayarwa gaba ɗaya bai wuce wat biyu da rabi ba. Akwai ma irinta da ake maƙala wa wayar hannu mai tsarin Android. A ɗaya ɓangaren, wanda ya ce zai kalli talabijin ta intanet, sa'a guda tana iya cinye masa kusan gigabait ɗaya na data, ga shi kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu babba ne. A intanet, kowane mai kallo sai an aika masa da nasa kason daban, kuma sai ya biya. A watsawa ta iska kuwa, turken tasha sau ɗaya yake aikawa, ko mutum goma ne suka kama ko miliyan goma, kuɗin da tashar ta kashe ɗaya ne. Don haka ga ɗalibin da ke ɗakin kwanan makaranta, da malamin firamaren da aka tura ƙauye, da ma'aikacin asibitin da ke aikin dare, wannan ita ce hanya mafi araha ta ganin abin da ƙasa take ciki.

Haka kuma ba mu manta ba, a watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka faɗaɗa matakin zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A makonnin nan, duk wanda ya dogara ga waya don samun labari ya zama kamar an rufe shi a ɗaki. Rediyo da talabijin ne suka rage. A 2020 ma, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, jihohi da dama sun koma koyar da yara darasi ta rediyo da talabijin. Ashe ke nan watsa shirye-shirye ta iska bai zama tsohon yayi ba a ƙasa irin tamu, ko da kuwa ya fara zama haka a wasu ƙasashen da intanet ya wadata.

To, yaya aka yi muka tsinci kanmu a inda muke? A watan Yunin 2006, ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya a birnin Janiba, ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, inda suka tsayar da ranar 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsari a zangon UHF. Ma'anar wa'adin ita ce, daga wannan rana duk ƙasar da ta ci gaba da watsa analog ba ta da bakin kai ƙara idan siginar maƙwabciyarta ta shigo ta dagula mata tasha, abin da ya shafi garuruwan kan iyaka irin su Katsina da Maraɗi kai tsaye. Amfanin da ake hange shi ne, idan aka matse tashoshi a 'yan zanguna kaɗan, sauran filin zai zama na kamfanonin waya don intanet mai sauri. Misali na kusa shi ne tashar CTV 67 da gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa a Kano a farkon shekarun 1980, wadda yanzu ake kira ARTV. Lambar 67 ɗin nan lambar zangonta ce, kuma zango na 67 yana tsakanin megahaz 838 da 846, wato cikin yankin da duniya ta amince a sakar wa wayoyin hannu. A ƙarƙashin sabon rabon, talabijin ta koma tsakanin megahaz 470 da 694.

Nijeriya ba ta tsaya ga wa'adin duniya ba, sai ta yi alƙawarin riga kowa. A 2007 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amince da 17 ga Yunin 2012 a matsayin ranar da za mu kammala. Aka kafa kwamitin ba da shawara a 2008, ya miƙa rahotonsa a 2009, amma gwamnati ba ta fitar da matsayarta a kan rahoton ba sai a 2012, shekarar da aka ce za a gama aikin. Aka ɗaga zuwa 2015, ta zo ta wuce. Aka sake ɗagawa zuwa Yunin 2017, ita ma ta wuce. A tsakanin nan Tanzaniya ta kashe analog a birnin Darussalam a daren ƙarshe na 2012, Ruwanda kuma ta kammala nata a 2014. Ba kuma za a ce kuɗi bai taɓa shigowa ba, domin a 2015 hukumar NBC ta sayar wa kamfanin MTN wani yanki na zangon megahaz 700 a kan Naira biliyan 34, da sunan za a gudanar da wannan aiki da kuɗin.

Sai a ranar 30 ga Afrilun 2016 aka ƙaddamar da gwajin farko a Jos, garin da ke da tarihi a wannan fage, tunda a can ne tashar Binuwai-Filato ta fara watsa talabijin mai launi a Nijeriya a 1975. Abuja ta biyo baya a Disambar 2016, Ilori da Kaduna a Disambar 2017, Inugu da Oshogbo a Fabrairun 2018. Daga nan aka yi shiru na shekara uku, kafin a ƙaddamar a Legas a Afrilun 2021, sannan Kano a Nuwambar wannan shekarar. Ƙasar da ta buɗe tashar talabijin a Ibadan tun 1959, ta buɗe ta Kaduna a 1962, ita ce ta kai 2025, shekara 10 bayan wa'adin duniya, ba ta kammala wannan sauyi ba.

An sha yin magana a kan jinkirin, kuma ya cancanci a yi. Amma abin da ba a cika tattaunawa ba, wanda kuma 'yar na'urar ɗan yayana ta fito da shi fili, shi ne irin ginin da aka yi wa shirin tun daga tushe. An sa wa tsarin suna FreeTV, ma'ana talabijin kyauta. Sai dai an gina shi ne a kan wata dikoda ta musamman, wadda kamfanoni 13 da hukumar ta ba lasisi kaɗai za su samar, wadda kuma sai an yi mata rajista kafin ta buɗe. A 2016 an sanar da cewa za a sayar da dikodar a kan Naira 1,500 bayan tallafin gwamnati, sannan mai ita zai riƙa biyan Naira 1,000 duk shekara. Babu yadda za a yi a tilasta wa mutum biyan kuɗin shekara sai idan akwai hanyar rufe masa tasha in bai biya ba, kuma wannan hanyar ita ce kulle sigina. Da zarar an kulle sigina kuwa, duk wata na'urar da ba ta riƙe da mabuɗin ta zama 'yar kallo, ko da kuwa tana jin yaren DVB-T2 sarai. Wannan ya haɗa da na'urar USB, ya haɗa da wadda ake maƙala wa waya, ya kuma haɗa da sababbin akwatunan talabijin da ake shigowa da su da na'urar kamo dijital a cikinsu, waɗanda mutane suka biya kuɗinta a cikin farashin akwatin ba tare da sun sani ba.

A nan ya kamata a bambance tsakanin abubuwa biyu. Kamfanoni irin su StarTimes, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, da GOtv na kamfanin MultiChoice da ya shigo a 2011, 'yan kasuwa ne. Sun sayi haƙƙin nuna ƙwallo da fina-finai da kuɗinsu, kuma suna da damar kulle hajarsu su sayar wa wanda ya biya. Babu mai hankalin da zai ce a buɗe masa su a banza. Maganata a kan tashoshin da tun asali na jama'a ne: NTA da aka kafa a 1977 da dukiyar ƙasa, da tashoshin jihohi da ake biyan albashin ma'aikatansu daga baitulmali, da tashoshi masu zaman kansu da ke rayuwa da kuɗin talla, waɗanda ribarsu ma tana ƙaruwa ne idan masu kallo suka ƙaru. Shekara da shekaru duk wanda ya mallaki akwati da eriya yana kama waɗannan ba tare da neman izinin kowa ba. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin karɓar labari da bayar da shi ba tare da tsangwama ba. Idan sauyin fasaha ya zo ya mayar da abin da yake a buɗe ya koma bayan ƙofa mai kwaɗo, wajibi ne a tambayi wanda ya yanke wannan shawara, da kuma dalilinsa.

Masu goyon bayan kullewa suna da hujjojinsu, kuma adalci ne a kawo su. Suna cewa idan aka bar ƙofa a buɗe, za a cika kasuwa da dikodoji marasa inganci daga ƙasashen waje, masana'antun gida su mutu tun kafin su tashi. Suna cewa dikodar da gwamnati ta tallafa wa farashinta za a iya kwashe ta a tsallaka da ita iyaka a sayar, sai dai in akwai hanyar kashe ta daga nesa. Suna kuma cewa kuɗin shekarar nan zai taimaka wa masu shirya shirye-shirye na gida, tunda lasisin rediyo da talabijin da Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin karɓa ya daɗe da zama suna kawai. Duk waɗannan damuwa ce ta gaskiya. Sai dai maganin kaya marasa inganci shi ne a tsayar da ma'auni a kuma tsare shi a tashar jiragen ruwa, aikin da muke da hukumomin da aka kafa dominsa. Masana'antar gida kuma ana taimaka mata ne da rangwamen haraji da wadatar wuta da rancen banki. Idan aka ce hanyar raya ta ita ce a hana ɗan ƙasa amfani da na'urar da ya riga ya mallaka, to an ɗora wa mai kallo nauyin da ba nasa ba.

Ba mu ne farkon waɗanda suka fuskanci wannan zaɓi ba. Ingila ta fara talabijin ɗin dijital ta eriya a 1998 da tsarin biyan kuɗi, kamfanin da ke gudanar da shi ya durƙushe a 2002. A watan Oktoban wannan shekarar aka maye gurbinsa da Freeview, wanda tashoshinsa a buɗe suke ga kowace na'ura da ta cika ma'auni, ba rajista, ba kati. Sai kamfanoni suka shiga gasar ƙera dikodoji da akwatuna da 'yan na'urorin USB, farashi ya faɗi, jama'a suka saya da kansu, har ƙasar ta kashe analog gaba ɗaya a Oktoban 2012. Jamus kuwa ta bi wata hanyar. Lokacin da ta koma DVB-T2 a ƙarshen Maris na 2017, tsofaffin na'urorin da mutane suke kallo da su a kwamfuta sun daina aiki a dare ɗaya, manyan tashoshi masu zaman kansu kuma suka koma na kuɗi. Amma ko a can, tashoshin al'umma na ARD da ZDF an bar su a buɗe. A Afirka ta Kudu ma, rigimar kulle sigina ko barinta ta cinye shekaru ana shari'a, har sai da Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta yanke hukunci a Yunin 2017 ta tabbatar da manufar gwamnati ta cewa dikodojin da ake tallafa wa ba za su zo da fasahar kullewa ba. Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne, ƙasashen da suka bambanta a kan abubuwa da yawa sun haɗu a kan barin tashoshin al'umma a buɗe.

Kai, ba ma sai mun je Turai ba. Dubi yadda dish ya bazu a Arewa. Babu gwamnatin da ta raba wa mutanen Kano ko Zariya ko Damagaram faifan dish, babu wanda ya ba su tallafi. Abin da ya faru shi ne an sami tashoshin Hausa da ke watsawa a buɗe ta tauraron ɗan Adam, irin su Arewa24 da ta fara a 2014, sai mutane suka ga abin da suke so, suka tara kuɗi suka sayi dish da risiba, matasa kuma suka koyi saitawa suka mayar da ita sana'a. Da an buɗe tashoshin eriya haka nan, an kuma cika su da shirye-shiryen da mutane ke so cikin harsunansu, da kasuwa ta yi wa gwamnati rabin aikin.

Akwai wata fa'idar buɗaɗɗiyar fasaha da ba a cika hangowa ba. A wajen 2012, wasu masu sha'awar harkar rediyo a Turai suka gano cewa da yawa daga cikin tsofaffin na'urorin USB masu arha, waɗanda ke ɗauke da wani ƙwaƙwalwar lantarki ta kamfanin Realtek mai lamba RTL2832U, ana iya juya su su zama rediyon da ke sauraren zanguna masu faɗi ƙwarai, daga kusan megahaz 24 har sama da 1,700. Tun daga lokacin ɗalibai a jami'o'in duniya suke amfani da su wajen koyon ilimin sadarwa, suna kamo siginar jiragen sama da ta taurarin hasashen yanayi da na'urar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ƙera ta don kallon talabijin bai taɓa tsammanin haka ba. Ɗaliban kwalejojin kimiyya da fasaha na Kaduna da Kano da Bauci ba su gaza takwarorinsu na ko'ina ba, amma yaro ba ya koyon abin da aka kulle masa.

Yanzu kuma an sake sabon lale. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya amince da bai wa hukumar NBC Naira biliyan 10 don farfaɗo da shirin, a 2025 kuma hukumar ta bayyana sabon tsarin da zai fi dogara ga tauraron ɗan Adam, da haɗin gwiwar kamfanin gwamnati na NigComSat, matakin da masu ƙera dikodojin gida suka fito suka soka. Tauraro yana da amfaninsa, domin yana isa lungunan da kafa turke zai yi tsada ko hatsari, kuma ƙauyukan Borno da Yobe da Zamfara sun fi kowa buƙatar hakan. Sai dai akwai abin lura. Dish yana buƙatar fili da mai saitawa da wutar da ta fi ta 'yar eriya, ba kuma abin da ɗalibi zai ɗauka a jaka ba ne. Sannan tarihi ya nuna mana hatsarin zuba ƙwai duka a kwando ɗaya: tauraronmu na farko, NigComSat-1, an harba shi a Mayun 2007, ya lalace a Nuwambar 2008. Wanda ya gaje shi an harba shi a Disambar 2011 bisa ƙiyasin zai yi aikin shekara 15, mai karatu kuma zai iya yin lissafin da kansa. Abin da ya dace shi ne tauraro ya cike giɓin karkara, turakun ƙasa kuma da aka riga aka kashe wa biliyoyi a Jos da Abuja da Kaduna da Kano su ci gaba da hidimar birane.

Saboda haka ina kira ga hukumar NBC da Ma'aikatar Watsa Labarai da su fito ƙarara su tabbatar a rubuce cewa NTA da tashoshin jihohi da duk tashar da ke rayuwa da talla za a riƙa watsa su a buɗe, ta eriya da ta tauraro, yadda kowace na'urar da ta cika ma'auni za ta kama. Su wallafa zangon da kowane gari yake kai da iyakar inda siginarsa ke kaiwa, cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, kamar yadda gidajen rediyo ke faɗin mitocinsu kullum. Su yi wa jama'a bayanin yadda aka kashe kuɗin da aka tara da sunan wannan shiri tun daga 2015. 'Yan majalisarmu na tarayya, musamman na kwamitocin watsa labarai, su ma suna da hurumin neman wannan bayani a madadinmu. Gwamnonin Arewa kuwa su tuna cewa tashoshin jihohinsu ne za su fi kowa asara idan aka bar su a bayan kwaɗo, saboda mai kallon da ya gaji da jira ya riga ya koma dish da waya.

Ga mai karatun da ke sha'awar sayen irin wannan na'ura kuwa, shawarata ita ce ya duba kwali da kyau ya tabbatar an rubuta DVB-T2. Wadda aka rubuta wa DVB-T kawai ta tsohon zubi ce, wadda aka rubuta wa ATSC ta Amurka ce, ISDB-T kuma ta Japan da Barazil, duk ba su dace da tsarinmu ba. Ya tabbatar manhajarta tana aiki da irin Windows ko Linux ɗin da ke kwamfutarsa, kuma in da hali a gwada masa a shagon kafin ya biya. Kada ya dogara ga 'yar eriyar da ke zuwa cikin kwali, domin dijital ba ta san dishi-dishi irin na da ba, ko dai hoto ya fito tangaram ko ya daskare ya ɓace, don haka eriyar waje da aka ɗaga sama aka fuskantar da ita wajen turke ita ce abin dogaro. Kuma duk wanda ya ce masa na'urar za ta buɗe tashoshin kuɗi a banza, yaudararsa yake yi.

Shi kuwa ɗan yayana, na'urar tana nan a aljihun jakarsa. 'Yan tashoshin da ya samu a buɗe yana kallonsu idan ya dawo daga lacca, sauran kuma sunayensu kawai yake gani a jere. Ƙwallo dai har yanzu gidan kallo yake zuwa ya biya. Tambayar da ya yi mini ban iya ba shi amsarta ba a ranar, shi ya sa na miƙa ta ga waɗanda aka damƙa wa amanar iskar ƙasar nan, da fatan za su amsa masa.